Tankin Sama Mai Sarƙa: Yadda Tsohon Masai Yake Kora Ruwa Ba Wuta Ba Batir

Darasinmu na yau a banɗaki za mu yi shi, don haka kada mai karatu ya yamutsa fuska. Akwai wata na'ura a can da take aiki da tsari guda tun shekarun 1880, ba ta neman caji, ba ta jiran a kawo wuta, kuma babu kamfanin da zai turo maka saƙo cewa lokacin sabunta ta ya yi. Ina nufin masai mai tankin sama, wanda ake kafe tankinsa a bango kusa da rufi, dogon bututu ya sauko daga gare shi zuwa kwanon, sarƙa ko igiya tana lilo a gefe.

Abin da ya jawo maganar shi ne hotunan da suke yawo a Instagram da Pinterest na banɗakunan da aka ƙawata da salon zamanin da, irin na gidajen Ingila a lokacin Sarauniya Victoria. Tanki baƙi a sama, bututu mai ƙyalli, mariƙin sarƙa na tangaran. A can kayan ƙawa ne masu tsada, har kamfanoni irin su Thomas Crapper & Co da Burlington suna ƙera sababbi da kamannin tsofaffi. Mu kuwa a nan Zariya mun daɗe da sanin abin, sai dai kallon tsohon yayi muke masa. Ni a ganina ya cancanci a sake dubansa, domin dabaru biyu da ke cikinsa, wato tsayi da zuƙo, sun shafi matsalar ruwan da muke fama da ita a Samaru da Sabon Gari da Shika kai tsaye.

Yadda ya zo mana

Layin dogo ya iso Zariya a 1911, kuma a gefen tashar jirgin ne Sabon Gari ya tashi. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. A 1928 aka kafa gonar dabbobi a Shika, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI. Sai Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda ta gaji gine-ginen kwalejin da aka yi a Samaru a shekarun 1950. Kowanne cikin waɗannan ya zo da kwatas na ma'aikata, da ofisoshi, da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma tsarin gini da na famfo duk na Ingila aka bi.

Ba a fara da masai mai ruwa ba. A garuruwan da Turawa suka tsara, bokiti aka fara amfani da shi, ma'aikata suna zagayawa da dare suna kwashewa. A cikin birni kuwa masai na rami ko salga mutane suka sani tun kaka da kakanni. Sai da ruwan famfo ya samu sannan masai mai kora ruwa ya shigo, kuma samfurin da ya cika gine-ginen gwamnati da makarantu a ƙasashen da Ingila ta mallaka a wancan lokaci shi ne mai tankin ƙarfe a sama. Shi ya sa har yanzu idan ka shiga tsohon kwatas da ba a taɓa yi wa kwaskwarima ba, kana iya ganin tankin, ko ka ga ƙarafa biyu da suka riƙe shi sun rage a bango.

Jikansa kuma yana nan da rai. Farin tankin roba da ake kafewa sama da masai na tsuguno a makarantu, masallatai, tashoshin mota da gidajen haya, wanda ake jan igiyarsa, zuriyar wancan na ƙarfe ne. Kayan ƙirar ne suka canza, lissafin yana nan yadda yake.

Me ya sa aka kai shi sama?

Amsar tana cikin darasin kimiyyar da muka yi a sakandare. Ruwa yana da nauyi: lita 1 kilo 1 ce. Idan ka tara ruwa a tsaye cikin bututu, na sama yana danna na ƙasa, kuma ƙarfin dannawar ya dogara ne da tsayi kawai. Faɗin tanki bai shiga lissafin ba. Kowace mita 1 ta tsayi tana ba da matsi kusan kashi ɗaya cikin goma na ba, wato ma'aunin da ake rubutawa a jikin injin jan ruwa da ma'aunin iskar taya. Mita 10 ke nan suke ba da ba 1. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗora tankin gida a kan ƙarafa, kuma shi ya sa famfon ƙasa yake fin na bene ƙarfi.

Mutane da yawa suna kuskure a nan. Za ka ji mai gida ya ce shawa ba ta da ƙarfi, bari ya sayo babban tanki. Tanki mai lita 5,000 da mai lita 500, idan saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfin da za su ba shawa ɗaya ne. Babban zai fi daɗewa kafin ya ƙare, shi ke nan.

To, mu koma banɗaki. Akwai lissafin da masanin Italiya Evangelista Torricelli ya fitar a shekarun 1640, wanda yake ba da saurin ruwan da ya faɗo daga wani tsayi. Buɗe kalkuletan wayarka: ka ninka tsayin da 19.6, sannan ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Tankin da ke mita 2 zai ba ka 39.2, tushensa kusan 6.3, wato mita 6.3 a daƙiƙa. Tankin zamani da ke zaune a bayan kwano, wanda ruwansa bai fi rabin mita sama da inda zai fita ba, zai ba ka kusan 3.1. A zahiri gogayya da jikin bututu da lanƙwasa suna rage waɗannan lambobi sosai, amma bambancin yana nan: idan ka ninka tsayi sau huɗu, saurin ruwa ya ninku sau biyu.

Ga wani lissafin da masu son waya za su ji daɗinsa. Ɗaga lita 9 zuwa mita 2 yana ajiye makamashi kusan jul 176. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗauke da kusan jul 69,000, wanda a takarda ya isa ya ɗaga wannan ruwa sau 390. Ashe makamashin da ke cikin tankin ɗan kaɗan ne. Sirrin shi ne ana sakinsa gaba ɗaya cikin daƙiƙa shida ko makamancin haka, abin da ya kai kusan wat 30, daidai da caja mai saurin caji. Tankin yana tara ruwa a hankali cikin mintuna, ya sake shi a lokaci guda. Kusan aikin da filashin kyamara yake yi da wuta ke nan.

Wanda ya taɓa kora masai da bokiti ya san wannan ko da bai san lissafin ba. Idan ka tsiyaya ruwan a hankali, bokiti guda zai ƙare ba abin da ya motsa. Idan ka ɗaga ka sheƙa shi lokaci ɗaya, rabin bokiti ya isa.

Zuƙo: dabarar da ta hana yoyo

Wannan ɓangaren shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda ba a gani a hoto.

Yawancin tankunan zamani masu maɓallin dannawa suna da rami a ƙasansu, an toshe shi da wata roba. Ka danna, robar ta ɗaga, ruwa ya zube, robar ta koma ta zauna. Wato dare da rana ruwan yana zaune a kan ƙofar fita, roba ɗaya tak ce ta tare shi. Ranar da robar ta tsufa, ko ƙwayar yashi ta maƙale a ƙarƙashinta, ruwa zai fara silalewa cikin kwano shiru, ba ƙara, ba jiƙa ƙasa. Mu kuma da muke amfani da ruwan rijiya da na burtsatse, yashi da laka ba baƙi ba ne a tankunanmu.

Tsohon tankin Ingila ba shi da ƙofa a ƙarƙashin ruwa. Hanyar fitarsa bututu ne da bakinsa yake sama da iyakar ruwan. Kafin ruwa ya fita, sai ya fara hawa sama ya tsallake, abin da ba zai taɓa yi da kansa ba. Dabarar ita ce wadda direba yake yi idan zai zuƙo fetur daga tanki da tiyo: da zarar ruwan ya cika tiyon ya fara gangarowa ta dogon ɓangaren, nauyinsa yana rage matsi a lanƙwasar sama, iskar da ke danna saman ruwan tanki kuma ta ci gaba da tura sauran ya biyo baya. Ba zai tsaya ba sai iska ta shiga tiyon. Ana kiran wannan sifon.

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne mai ƙararrawa, wanda ke cikin tsofaffin tankunan ƙarfe. A ciki akwai wani ƙarfe mai nauyi mai siffar ƙararrawa, an kife shi a kan bututun fita. Idan ka ja sarƙa, ƙararrawar ta ɗaga. Idan ka saki, ta faɗo da nauyinta, ta tura ruwan da ke ƙarƙashinta sama ya afka cikin bakin bututu, zuƙo ya kama. Shi ya sa a irin wannan tanki ruwa ba ya zuwa lokacin da ka ja, sai lokacin da ka saki, kuma shi ya sa ake jin wannan ƙarar ƙarfe kafin ruwan ya sauko. Wanda bai sani ba sai ya riƙe sarƙar yana jira, ya ce abin ya lalace. Babu roba ko ɗaya a hanyar fitar ruwan irin wannan tanki, don haka yake shekaru aru-aru.

Na biyu shi ne mai faifai, wanda ake samu a tankunan roba da na tangaran. Jan igiya yana ɗaga wani faifai mai ramuka da aka shimfiɗa wa siririyar leda a kai. Faifan ya ɗaga ruwa ya tsallakar da shi lanƙwasa, zuƙo ya kama, sauran ruwan ya bi ta ramukan yana ɗaga ledar. Idan ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga, sai ya tsaya. Ledar takan yage bayan shekaru, amma dubi yadda lalacewar take: idan ta yage, masai ya ƙi korawa, ka ja sau uku ko huɗu kafin ya kama. Ka san da matsala nan take, kuma ruwanka yana nan a tanki. Na roba kuwa idan ya lalace yana ci gaba da aiki kamar lafiya lau, yana zubar da ruwanka a ɓoye.

A lura, ba kowane tankin sama ne mai sifon ba. Akwai na roba masu araha da igiyarsu take ɗaga toshiya kawai. Kafin ka saya, buɗe murfin ka duba. Idan ka ga bututu mai lanƙwasa kamar harafin U a kife, ko wani abu kamar kofi a kife, sifon ne.

Ɗan tarihi

Matsalar ɓarnar ruwa ce ta haifi sifon, ba ƙawa ba. John Harington ya bayyana masai mai kora ruwa a Ingila tun 1596, amma bai yaɗu ba. A 1775 wani mai gyaran agogo, Alexander Cumming, ya yi rajistar lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa a ƙasan kwano don hana wari dawowa, wadda har yau masai mai kora ruwa yake da irinta. Joseph Bramah ya inganta tsarin a 1778. A babban baje kolin Landan na 1851, George Jennings ya kafa banɗakunan jama'a, mutum fiye da 800,000 suka biya kobo ɗaya na Ingila suka shiga. Daga nan masu hali suka rungumi abin.

Sai dai garin bai shirya ba. Ruwan da ake korawa ya cika ramukan gidaje ya malala zuwa kogin Thames, wanda daga cikinsa ake ɗiban ruwan sha. Kwalara ta kashe dubban mutane. A 1854 likita John Snow ya danganta ɓarkewar cutar a wata unguwa da famfon titi guda. A bazarar 1858 warin kogin ya addabi majalisar dokoki har ta amince da kuɗin manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina. A gefe guda kuma kamfanonin ruwa suna kuka da tankuna masu yoyo, har dokar ruwa ta Landan ta 1871 ta buɗe hanyar tilasta amfani da kayan da ke hana ɓarna. Tankin sifon ya amsa wannan buƙata. Thomas Crapper, wanda ake yawan cewa shi ya ƙirƙiro masai, bai ƙirƙiro shi ba; ɗan kasuwa ne kuma mai aikin famfo da ya iya tallata kayansa. Ingila ta ci gaba da dogaro da sifon har zuwa 2001, lokacin da sababbin ƙa'idoji suka halatta tanki mai toshiyar roba, suka kuma taƙaita kora ɗaya zuwa lita 6.

Masu kallon fim za su tuna The Godfather na 1972, inda aka ɓoye wa Michael Corleone bindiga a bayan tankin banɗakin wani gidan abinci. Irin wannan tankin ne, mai sarƙa.

Gwaji uku da wayarka

Na taɓa zama a wani gidan haya a Samaru inda tankin sama mai lita 2,000 yake wayar gari ya kusa ƙarewa, alhali da yamma aka cika shi. An zargi ɗaliban da ke ɗakunan baya da wankin dare, an zargi maƙwabta, har an sa wa famfon tsakar gida kwaɗo. Makonni aka yi ana cacar baki kafin wani mai gyaran famfo ya ɗaga murfin wani sabon masai mai maɓalli, ya nuna mana robar da yashi ya hana zama. Ga yadda za ka gano irin wannan da kanka.

Gwajin farko na yoyo ne. Ɗaga murfin tanki, ka zuba ɗan shuɗin wanki ko ruwan zoɓo mai kauri har ruwan ya canza launi. Kada kowa ya kora. Saita ƙararrawar waya minti 30. Idan ka dawo ka ga launi a cikin kwano, tankinka yana yoyo. Don ka san girman asarar, rufe famfon da ke shayar da tankin, ka yi alama da fensir a iyakar ruwa, ka ɗauki hoto, ka sake ɗauka bayan awa ɗaya. Ka riƙe wannan lissafi a ka: silalar da za ta cika ledar fiya wata guda, wato rabin lita, cikin minti ɗaya, lita 720 ce a kwana. Jarka mai lita 25 kusan 29 ke nan. Tambayi ɗan ga-ruwan unguwarku nawa zai kawo maka wannan.

Na biyu, auna yawan ruwan kora ɗaya. Rufe famfon shiga, ka kora, sannan ka cika tankin da gorar lita ɗaya da rabi kana ƙirgawa har ruwa ya kai alamar da. Tsofaffin tankunan Ingila galan biyu ne, kusan lita 9, wasu sun fi haka. Na zamani lita 6 ne, masu maɓalli biyu kuma ƙaramin maɓallin yakan ba da lita 3 zuwa 4. A ce gida mai mutum 8, kowa yana kora sau 4 a rana, sau 32 ke nan. Da lita 9 za a kashe 288, da lita 6 kuma 192. Bambancin kusan jarka huɗu ne kullum. A nan tsohon tankin ƙarfe ya sha kaye, kuma gaskiya ce da masu yabonsa ba sa son faɗa.

Na uku, auna lokacin cika da agogon gudu na waya. Daga kora zuwa tsayawar ƙarar ruwa, minti ɗaya zuwa uku ba laifi. Idan ya kai minti goma, akwai matsalar matsi, wadda ita ce maganarmu ta gaba.

Inda tankin sama yake ba da kunya

Tsayin da ke ba shi ƙarfi shi ne kuma rauninsa. Kafin ruwa ya sauko da ƙarfi, sai wani abu ya kai shi can sama. A Landan matsin ruwan famfo ne yake yi. A yawancin gidajenmu tankin waje ne yake shayar da komai, kuma abin da ke tura ruwa cikin tankin masai shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tankin waje da bakin shigar tankin masai. Idan gindin tankin waje yana mita 3, bakin tankin masai yana mita 2 da ɗoriya, to lokacin da ruwa ya yi ƙasa abin da ya rage maka bai kai mita 1 ba. Zai riƙa ɗiga ne kamar hawaye. Idan banɗakin a bene yake, wataƙila ruwan ba zai hau ba sam. Wannan ne ya sa za ka ga tankunan sama da yawa a bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a igiyar, bokiti da buta suna aiki a ƙasa.

Kuma ranar da babu ruwa a bututu, tankin ƙasa kana iya ɗaga murfi ka juye masa bokiti. Na sama sai da tsani.

Don haka kafin ka kashe kuɗi, ka auna. Wasu wayoyi suna da manhajar awo da ta daidaita layi, amma tef ɗin magina ya fi aminci. Ka nemi tazarar aƙalla mita 1 zuwa 2 tsakanin gindin tankin waje da bakin tankin masai. Ka kuma gaya wa mai shago cewa bawul ɗin shiga na ƙaramin matsi kake so, wato mai faɗin rami, domin wanda aka yi don ruwa mai ƙarfi raminsa ƙanƙane ne, yashi kaɗan ya toshe shi. Ƙaramar matata a kan bututun da ya fito daga tankin waje tana rage wannan wahala ƙwarai.

Idan ka yanke shawarar kafawa

Rufin ɗakin ya zama yana da tsayi. Gindin tankin yakan zauna wajen mita 2 daga ƙasa, kuma kana buƙatar sarari a samansa don buɗe murfi da sa hannu. Tsofaffin kwatas rufinsu dogo ne, shi ya sa abin ya dace da su. Banɗakin da aka yi wa silin ƙasa-ƙasa ba zai ɗauka ba.

Bango shi ne abin tsoro. Lita 9 kilo 9 ce, tankin ƙarfe shi kansa ya fi ruwan nauyi, kuma kowane jan sarƙa yana ƙara fizgarsa, duk a saman kan mutum. Bulo mai rami da aka yi da ƙarancin siminti ba ya riƙe ƙusa. A cika ramukan bulon da kankare a daidai wurin, ko a sa dogayen ƙusoshi masu zare da za su ratsa bangon, tanki ya zauna a kan ƙarafa biyu. Idan tsohon tanki ka samo a wurin 'yan gwangwan, a kankare tsatsar ciki a shafa fenti mai hana ruwa, in ba haka ba zai riƙa zana jan layi a kwanon.

Bututun saukowa na tankin sama yakan zama inci ɗaya da kwata, wato milimita 32, ya fi na tankin tsakiyar bango siranta, saboda saurin ruwan ya rama faɗin. A bar shi a miƙe, kowace lanƙwasa tana cin ƙarfi. Kwanon kuma dole ya kasance wanda ake shigar masa da bututu ta baya. Kwanon da aka ƙera don tanki ya zauna a kansa ba zai yi ba. Idan ruwa yana fantsama waje, akwai ƙaramin zobe da ake sawa a bututun ya rage gudu. Masai na tsuguno, wanda da yawanmu muka fi sakewa da shi, shi ya fi kowanne dacewa da tankin sama, domin shimfiɗarsa tana buƙatar ruwa mai gudu ya share ta. Sai dai a kula da aljihun gaba, wayoyi da yawa a nan suka yi sallama da masu su.

Sauran magana ita ce inda ruwan yake zuwa, kuma a nan labarin Landan ya dawo. Yawancin gidajen Samaru, Sabon Gari da sababbin unguwannin da suka taso a hanyar Shika bayan komawar asibitin koyarwa can a 2005, kowa da ramin sokawensa, da yawa kuma da rijiyarsu a fili ɗaya. Shawarar da masana tsafta suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, abin da fili mai ƙafa 50 da 100 ba ya bayarwa cikin sauƙi. Duk litar da ka kora tana shiga ramin nan, ta cika shi da wuri, da damina kuma ta bi ta ƙarƙashin ƙasa. Gidan da ruwansa na saye ne, ko raminsa yana kusa da rijiya, ya fi masa alheri ya yi amfani da kwanon da ake korawa da buta ko ƙaramin bokiti, wanda lita 2 zuwa 3 suke isarsa. Akwai ma kwanon roba na SATO da ake ɗorawa a kan masai na rami, mai murfin da ke rufe kansa, wanda bai kai lita 1 yake buƙata ba.

Wanda kuma yake da burtsatse da sola da tankin waje mai tsayi, tankin sama mai sifon zai yi masa aiki shekara da shekaru. Ya nemi mai lita 6 a maimakon 9. Idan tsoho ne babba ya riga ya mallaka, ana iya sauke iyakar ruwan ta hanyar daidaita hannun ƙwallon da ke rufe bawul, amma kaɗan-kaɗan, ana gwadawa bayan kowane sauyi. Idan ruwan ya yi ƙasa da yawa, ƙararrawar ba za ta sami abin da za ta tura ya tsallake bakin bututu ba, sai ka ja sarƙa ka ji ƙarar ƙarfe kawai. Idan hakan ta faru, mayar da ƙwallon sama da kamar faɗin yatsa ɗaya ka sake gwadawa.